Tsufa, Lafiya da Tsawon Rai: Abin da Kimiyyar Halittu Ke Faɗa Game da Shekarun Ritaya

Gabatarwa

A ƙa'idar aikin gwamnati a Nijeriya, ma'aikaci yakan ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko kuma ya yi shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. A shekarar 2022 aka sa hannu a kan dokar da ta ɗaga wa'adin malaman firamare da sakandare zuwa shekara 65 da haihuwa ko shekara 40 ta aiki, ko da yake aiwatar da ita ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙididdigar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ta nuna cewa matsakaicin tsawon rai a Nijeriya kimanin shekara 54 ne.

Duk wanda ya ajiye waɗannan alƙaluma kusa da juna zai iya cewa ashe ke nan yawancin ma'aikata ba sa kaiwa ritaya, wanda ya kai kuwa 'yan kwanaki ne suka rage masa, don haka dogon tanadi wahalar banza ce. Wannan fahimta kuskure ce, kuma kuskure ne mai tsada, domin kuwa dattawa da yawa sun wayi gari kuɗinsu sun ƙare alhali kwanansu na gaba. Wannan maƙala za ta duba abubuwa uku: shekara nawa ya kamata wanda ya yi ritaya ya shirya wa, mene ne ke faruwa a jikinsa a cikin waɗannan shekaru, kuma yaya halin jikin ke juya irin kuɗin da zai kashe.

Ma'anar Matsakaicin Tsawon Rai

Matsakaicin tsawon rai lissafi ne da ake yi wa jama'a baki ɗaya, tun daga jaririn da ya rasu a makon haihuwarsa har zuwa tsohuwar da ta ga tattaɓa kunnenta. Bari mu yi misali da yara goma da aka haifa a ƙauye ɗaya. A ce biyu daga cikinsu sun rasu suna da shekara ɗaya, sauran takwas kuma kowanne ya kai shekara 70. Idan aka haɗa shekarunsu za a sami 562, idan aka raba gida goma sai a sami kimanin 56. Mai karatu zai lura cewa babu ko ɗaya daga cikin yaran nan da ya rasu yana da shekara 56. Mutuwar ƙananan biyun ce ta jawo lissafin ƙasa.

Abin da ke faruwa a ƙasarmu ke nan. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yaro 1,000 da aka haifa da rai, 132 sukan rasu kafin su cika shekara biyar, galibi saboda zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon huhu da matsalolin haihuwa. Wanda ya tsallake waɗannan haɗura, ya kuma tsallake na samartaka, lissafinsa ya canza. Masana ƙidayar jama'a suna da wani ma'auni na daban, wato shekarun da ake sa ran su rage wa wanda ya riga ya kai shekara 60. A Nijeriya wannan ma'auni yana ba da shekara 14 ko fiye, a ƙasashe irin su Japan kuwa ya haura 20. Shi ma wannan matsakaici ne, ma'ana mutane da yawa za su zarce shi. Saboda haka mai hankali idan ya ajiye aiki yana da shekara 60, shirin shekara 20 ko 25 ya kamata ya yi.

Tarihin fansho ma ya nuna yadda abin ya sauya. Lokacin da gwamnatin Bismarck ta kafa fanshon tsufa a Jamus a 1889, sai mutum ya kai shekara 70 zai fara karɓa, a zamanin da matsakaicin tsawon rai a can bai wuce kimanin shekara 40 ba. A 1916 aka rage shekarun zuwa 65. Waɗanda suka ci moriyar tsarin a farkonsa kaɗan ne, kuma ba su daɗe suna karɓa ba. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa masu shekara 60 zuwa sama, waɗanda suka kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 2.1 a 2050, kuma kashi 80 cikin ɗari nasu a ƙasashe masu tasowa za su kasance.

Yadda Tsufa Ke Farawa a Ƙwayoyin Halitta

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa, waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin ƙara girma. Da yawa daga cikinsu, kamar na fata da na hanji da na jini, kullum mutuwa suke yi ana maye gurbinsu da sababbi, ta hanyar rabewar ƙwaya ɗaya zuwa biyu. A da masana sun ɗauka cewa ƙwaya za ta iya rabewa har abada muddin ana ba ta abinci. A 1961 Leonard Hayflick da abokin aikinsa Paul Moorhead, a birnin Filadelfiya na Amurka, suka nuna cewa ƙwayoyin jikin mutum da aka raina a ɗakin gwaji sukan rabu kimanin sau 50 ne, sa'an nan su tsaya.

Daga baya aka gano ɗaya daga cikin dalilan wannan tsayawa. A cikin kowace ƙwaya akwai zaruruwan da ke ɗauke da bayanan gado, waɗanda ake kira kuromozom. A bakin kowane zare akwai wani yanki mai suna telomiya, wanda aikinsa ya yi kama da ƙullin da ake yi a bakin igiya don kada ta warware. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu sai wannan yanki ya ɗan gajarce, idan ya gajarce ƙwarai sai ƙwayar ta daina rabewa. Masana uku, Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2009 saboda binciken da suka yi a kan wannan al'amari.

Ƙwayar da ta daina rabewa ba lalle ne ta mutu nan take ba. Takan zauna a cikin tsoka ko gaɓa tana fitar da sinadarai masu jawo kumburi, waɗanda ke cutar da maƙwabtanta. Bugu da ƙari, bayanan gado da kansu sukan sami ɓarna a kullum, daga hasken rana da hayaƙi da ma aikin ƙona abinci da jiki ke yi don samun ƙarfi. Jiki yana da hanyoyin gyara wannan ɓarna, amma gyaran ba ya zama cikakke. Ashe ke nan tsufa taruwar ƙananan ɓarna ce wadda gyara bai cim mata ba, kuma tana farawa ne tun kafin furfura ta bayyana da shekaru masu yawa.

Abin da Ke Faruwa ga Sassan Jiki

Allah ya yi sassan jikinmu da rarar ƙarfi fiye da abin da ake bukata a yau da gobe. Shaida a kan haka ita ce mutum yakan ba da kyautar ƙodarsa ɗaya ya ci gaba da rayuwa lafiya da ɗayar. Abin da tsufa ke yi shi ne cin wannan rara sannu a hankali, ba tare da mutum ya ji ba.

Tsoka takan fara raguwa daga wajen shekara 30, da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma raguwar takan ƙara sauri bayan shekara 60. Ƙashi yakan kai iyakar ƙwarinsa kafin shekara 30, daga nan sai ya riƙa sako-sako, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Jijiyoyin jini, waɗanda a ƙuruciya suke da taushi kamar roba, sukan sandare, shi ya sa hawan jini ya fi yawa ga manya. Ƙoda takan rage saurin tace jini daga wajen shekara 40. Madubin da ke cikin ido yakan taurare, shi ya sa malami mai shekara 45 ke nisanta littafi daga fuskarsa kafin ya iya karantawa. Daga baya kuma madubin yakan dushe, abin da ake kira yanar ido. Garkuwar jiki ma takan yi rauni, ta yadda cutar da saurayi zai warke daga gare ta cikin kwana uku za ta iya kwantar da dattijo wata guda.

Muhimmin abin lura shi ne, mutum zai iya yin shekaru yana harkokinsa lafiya lau alhali rarar nan tana ƙarewa. Sai ranar da wani abu ya auku, kamar zazzaɓi mai zafi ko faɗuwa a banɗaki, sa'an nan a ga bambanci. Yaro ya faɗi ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Tsoho kuwa ya faɗi ya karya ƙugu, ya kwanta, kwanciyar ta ƙara cinye tsokarsa, wataƙila ma ba zai sake tafiya da ƙafarsa ba.

Ƙa'idar Gompertz da Rashin Sanin Gobe

A 1825 wani masanin lissafi ɗan Ingila mai suna Benjamin Gompertz, wanda ya yi aiki da kamfanin inshora, ya lura da wani tsari a cikin littattafan rajistar mutuwa. Ya ga cewa bayan mutum ya zama baligi, haɗarin mutuwarsa a cikin shekara guda yana ƙaruwa ne ta hanyar ninkawa. Binciken zamani ya tabbatar da cewa daga wajen shekara 30, haɗarin yakan ninka sau biyu a kusan kowace shekara takwas. Wato haɗarin mai shekara 68 ya ninka na mai shekara 60 sau biyu, na mai 76 sau huɗu, na mai 84 sau takwas.

Wannan ƙa'ida tana magana ne a kan taron jama'a. Za ta iya gaya wa kamfanin inshora kimanin mutum nawa cikin dubu goma za su kai shekara 80, amma ba za ta iya nuna ko su wane ne ba. Ajalin mutum ɗaya sanin Allah ne, kimiyya ba ta da ta cewa a ciki.

Wani labari daga Faransa ya nuna haɗarin yi wa mutum ɗaya lissafin taro. A 1965, a garin Arles, wani lauya mai shekara 47, André-François Raffray, ya ƙulla yarjejeniya da wata tsohuwa mai shekara 90, Jeanne Calment, cewa zai riƙa biyan ta faran 2,500, kuɗin Faransa na wancan zamani, a kowane wata har ƙarshen ranta, shi kuma ya gaji gidanta. Bisa lissafi ciniki ne mai riba. Sai dai lauyan ya yi shekara 30 yana biya, ya rasu a 1995 yana da shekara 77, bayan ya biya fiye da ninki biyu na darajar gidan, matarsa kuma ta ci gaba da biya. Ita kuwa tsohuwar ta rasu a 1997 tana da shekara 122, wanda shi ne tsawon rai mafi yawa da aka tabbatar da takardu.

Duk wanda ya yi ritaya yana cikin irin halin lauyan nan, sai dai shi da kansa yake yi wa biyan. Idan ya raba kuɗinsa bisa zaton shekara goma kuma ya yi ashirin da biyar, to, shekara goma sha biyar za su same shi hannu wofi, kuma su ne shekarun da ba shi da ƙarfin nema. Akwai kuma maganar iyali. A duniya baki ɗaya mata sun fi maza tsawon rai da kimanin shekara biyar, kuma a ƙasar Hausa miji yakan girmi matarsa da shekaru masu dama. Don haka lissafin magidanci bai cika ba sai ya haɗa da shekarun da matarsa za ta iya yi bayansa.

Tsawon Rai da Tsawon Lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'auni na biyu, wato shekarun da ake sa ran mutum ya yi cikin ƙoshin lafiya. A 2019 matsakaicin tsawon rai a duniya kimanin shekara 73 ne, amma shekarun lafiya ba su kai 64 ba. Tazarar kusan shekara goma da ke tsakani ita ce lokacin da mutum ke raye amma yana fama da ciwo ko naƙasa, kuma mafi yawanta a ƙarshen rayuwa take taruwa. Wannan tazara ce ke cin kuɗi.

A 1980 wani likita ɗan Amurka, James Fries, ya kawo shawarar cewa babban abin da ya kamata a sa a gaba shi ne jinkirta ranar da ciwo mai ɗorewa zai fara, domin a matse shekarun jinya su zama kaɗan. Bari mu kwatanta malamai biyu da suka yi ritaya rana ɗaya suna da shekara 60, kuma dukansu suka rasu suna da 80. Na farko ya sami shanyewar ɓarin jiki yana da 63, ya yi shekara 17 ana ɗaga shi ana kwantar da shi. Na biyu ya ci gaba da zuwa gonarsa da masallaci da ƙafarsa har ya kai 78, sa'an nan ya yi jinyar shekara biyu. A rajistar mutuwa shekarunsu ɗaya, a takardar fansho ma kuɗinsu ɗaya, amma abin da iyalan biyu suka kashe da wahalar da suka sha ba su ko kama hanyar zama ɗaya ba.

Yadda Kashe Kuɗi Ke Sauyawa

Masu nazarin tattalin arzikin tsofaffi a Amurka sukan kasa shekarun ritaya kashi uku. A kashi na farko mutum yana da ƙarfinsa, yana tafiye-tafiye da ziyarce-ziyarce, don haka yana kashe kuɗi sosai. A kashi na biyu, daga tsakiyar shekarun saba'in, gwiwa da ido da kunne sukan rage masa zirga-zirga, sai kashe kuɗi ya ragu. A kashi na uku yakan koma zaman gida, kuɗin tafiya da sutura su yi ƙasa, na magani da na masu kula da shi su yi sama. Wani manazarci, David Blanchett, ya nuna a 2014 cewa idan aka cire tasirin hauhawar farashi, abin da masu ritaya ke kashewa a Amurka yana raguwa da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari a kowace shekara, raguwar kuma takan lafa a ƙarshe saboda kuɗin lafiya.

Tushen wannan tsari yana cikin jiki ne, don haka mu ma muna da shi, sai dai yanayinmu ya bambanta ta fuska uku. Ta farko, a Amurka akwai inshorar lafiya ta gwamnati ga masu shekara 65 zuwa sama tun 1965. A Nijeriya kuwa alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyaci da danginsa suke fitowa. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, amma har yanzu mafi yawan jama'a ba su shiga ba. Wanda ƙodarsa ta daina aiki yana bukatar wankin jini sau biyu ko uku a mako, kuma wannan kaɗai yakan cinye giratutin shekara 35 cikin watanni.

Ta biyu, ma'aikacinmu yakan yi ritaya da sauran ɗawainiya a kansa. Mutumin da ya haifi autansa yana da shekara 50, ranar da zai ajiye aiki yaron yana firamare. Ga kuɗin makaranta, ga aurar da 'ya'ya mata da kayan ɗaki, ga ƙarasa ginin gida, ga niyyar aikin Hajji. Duk waɗannan sukan faɗo ne a kashi na farko, lokacin da giratuti ke hannu, sai a kashe abin da kashi na uku zai nema.

Ta uku ita ce hauhawar farashi, wadda a watan Disamba na 2024 ta kai kashi 34.8 cikin ɗari bisa ƙididdigar hukuma. Ko da mun ɗauki kashi 15 ne kawai a shekara, fanshon naira 100,000 a wata da ba ya ƙaruwa, bayan shekara biyar zai sayi abin da naira 50,000 ke saye a yau, bayan shekara goma abin da naira 25,000 ke saye, bayan shekara ashirin kuwa abin da naira 6,000 da 'yan kai ke saye. Wato darajar kuɗin tana raguwa a daidai lokacin da bukatar magani ke ƙaruwa.

Lissafin Asusun Fansho

Tun daga 2004 Nijeriya ta koma tsarin fansho na adashi, inda ake tara wa kowane ma'aikaci kuɗi a asusunsa. Bisa dokar 2014, ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10, jimla 18. Jihohi da dama suna da nasu tsarin da ya ɗan bambanta, amma lissafin da ke biye yana da amfani ga kowa.

Kashi 18 cikin ɗari na tsawon shekara 35 daidai yake da albashin shekara shida da 'yan watanni. Idan mai ritaya zai rayu da rabin albashinsa, wannan kuɗi zai kai shi shekara goma sha biyu da rabi, wato zuwa wajen shekara 72 ko 73 da haihuwa. Abin da zai cike sauran shekarun shi ne ribar da aka samu wajen juya kuɗin, muddin ta fi ƙarfin hauhawar farashi. Doka ta ba mai ritaya zaɓi biyu: ko ya riƙa cira daga asusunsa wata-wata bisa wani tsari, abin da ya rage ya zama gādo, ko kuma ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya riƙa biyansa har ƙarshen ransa. Zaɓi na biyu ya dogara ne a kan ƙa'idar Gompertz, domin ana haɗa dubban mutane wuri ɗaya, ta yadda rarar waɗanda suka rasu da wuri ke tallafa wa waɗanda suka daɗe. Kowane zaɓi yana da amfani da illa, kuma ya kamata mutum ya fahimce su kafin ya sa hannu. Manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda su ne mafi yawan jama'a, an buɗe musu tsarin tara fansho na kansu a 2019, amma galibinsu har yanzu ƙarfin jikinsu da 'ya'yansu ne fanshonsu. A wurinsu ranar da jiki ya gaza ita ce ranar ritaya.

Abin da Ke Hannun Mutum

Wani binciken tagwaye da aka yi a ƙasar Denmark, wanda aka buga a 1996, ya kiyasta cewa gado yana da alhakin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin tsawon rai tsakanin mutane. Wasu masana sun ba da alƙaluman da suka fi haka ko suka gaza haka, amma duk sun yarda cewa muhalli da ɗabi'a suna da babban rabo.

Game da taba, Richard Doll da abokan aikinsa sun bi diddigin likitocin Birtaniya na tsawon shekara 50, daga 1951 zuwa 2001. Sun gano cewa mashaya taba suna rasuwa da kimanin shekara goma kafin waɗanda ba sa sha, amma wanda ya daina yana da shekara 40 yakan ceto kimanin tara daga cikinsu, mai shekara 50 shida, mai 60 uku. Game da motsa jiki, Jerry Morris ya nuna a 1953 cewa kwandastocin motocin safa masu bene na birnin Landan, waɗanda ke hawa da sauka duk yini, ba su kai direbobin da ke zaune yawan ciwon zuciya ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce baligi ya yi aƙalla minti 150 a mako yana motsa jiki, kamar tafiya da sauri ko hawan keke ko aikin gona, kuma kada gishirin da zai ci a yini ya kai giram biyar, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano.

Hawan jini ya cancanci ambato na musamman, domin shi ne babban sanadin shanyewar ɓarin jiki, kuma yana cikin manyan masu lalata ƙoda da zuciya. Galibi ba ya nuna alama, kuma rahoton da aka fitar a 2021 ya nuna cewa kusan rabin masu ɗauke da shi a duniya ba su sani ba. Awonsa ba ya ɗaukar minti biyar. Wanda awonsa ke kaiwa 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai ya kamata ya ga likita, kuma idan an ɗora shi a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Kuɗin wannan magani na shekara guda bai kai na 'yan makonnin wankin jini ba. Haka nan ciwon suga, awo ne ke tona shi tun bai taɓa ido da ƙoda da ƙafa ba.

Ga ɗalibai kuwa, wannan magana ba ta iyayenku kaɗai ba ce. Kaso mai yawa na ƙwarin ƙashin da za ku yi tsufa da shi a shekarun sakandare kuke gina shi, ta hanyar guje-guje da wasanni da cin abinci mai gina jiki irin su nono da wake da ƙananan kifi da ganyaye. Mafi yawan mashaya taba ma kafin shekara 20 suka fara.

Kammalawa

Mun ga cewa shekara 54 da ake ambatawa lissafi ne da mutuwar ƙananan yara ta jawo ƙasa, kuma wanda ya kai shekara 60 ya kamata ya shirya wa shekara 20 ko fiye, shi da iyalinsa. Mun kuma ga cewa nauyin waɗannan shekaru a kan aljihu ya danganta ne da yawan waɗanda za a yi cikin jinya, kuma kuɗin magani yakan zo ne a ƙarshe, bayan hauhawar farashi ta rage darajar fansho. Hausawa na cewa don tuwon gobe ake wanke tukunya. Malamin da ya rage masa shekara goma ya ajiye alli, ya kamata ya san abin da ke asusunsa, ya ware wani kaso na giratutinsa domin shekarun jinya, ya nemi shiga inshorar lafiya, ya kuma auna jininsa a wannan watan.

A ƙarshe muna ba malaman kimiyya shawarar su gwada wani aiki da ɗalibansu. Kowane ɗalibi ya tambayo shekarun da kakanninsa da 'yan'uwan iyayensa da suka riga mu gidan gaskiya suka yi a duniya, har da waɗanda suka rasu suna jarirai. A haɗa su a allo a fitar da matsakaici, sa'an nan a cire waɗanda ba su kai shekara biyar ba a sake lissafi, a bar ɗalibai su bayyana dalilin bambancin da suka gani.